Kundin The Best of Earth, Wind & Fire, Vol. 1 ya yi wa ƙungiyar adalci kuwa?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau da rigima na zo, kuma na san Kawu ba zai ƙyale ni ba. Kundin zaɓaɓɓun waƙoƙin ƙungiyar mawaƙan Amurkan nan Earth, Wind & Fire da ya fito a watan Nuwamba na 1978, wato *The Best of Earth, Wind & Fire, Vol. 1*, ni a ganina ya rage wa ƙungiyar daraja, duk da ɗimbin cinikin da ya yi. An sayar da kwafi sama da miliyan 5 a Amurka kaɗai, wannan ba gardama. Amma duk wanda ta wannan faifan kawai ya san su, ɗauka zai yi mawaƙan biki ne da soyayya.

Waƙa goma ce a ciki. Fuskar farko: Got to Get You into My Life, Fantasy, Can't Hide Love, Love Music, Getaway. Fuska ta biyu: That's the Way of the World, September, Shining Star, Reasons, Sing a Song. To ina Serpentine Fire? Waƙar da ta yi mako 7 tana ta ɗaya a jadawalin waƙoƙin baƙaƙen fata na mujallar Billboard, ta kuma kai ta 13 a babban jadawali. Fantasy da suka fito tare a kundin All 'N All na 1977 ta 32 ta tsaya, amma ita aka ɗauka. Ina Mighty Mighty? Ina Devotion? Ina Kalimba Story? Duk inda kiɗan ya yi kaushi ya yi nauyi an kauce masa. Ku fito mu yi ta.

Maman Khalifa:
Wa alaikumus salam. Baban Ummi da sassafe haka? Ni dai in aka sa September ko ina kan wanke-wanke sai ƙafata ta motsa. Ban ga cutar da aka yi wa kowa ba.

Sadiq mai jita:
Anti, ai abin da yake faɗa ke nan, kin tabbatar masa da kanki.

Kawu Mai Garmaho:
Wa alaikumus salam. Ɗana Baban Ummi, ka yi magana mai ma'ana, sai dai ka manta a kan me aka buga waƙoƙin nan. Ku yaran yanzu wayarku tana ɗaukar waƙa dubu, sai kuke gani kamar da ma haka duniya take. Faifan garmaho mai faɗin inci 12 yana juyawa sau 33 da sulusi a minti, kuma kowace fuska abin da take ɗauka cikin lafiya bai wuce minti 20 da 'yan kai ba. In ka ce sai ka cusa fiye da haka, dole mai yanka faifan ya matse layukan da allura ke bi. In ya matse su, sai ya rage ƙara, ya kuma rage amon bes, don sautin ƙasa shi ya fi cin wuri, shi ke sa allura ta yi ta kai-komo da faɗi. To kiɗan da rayuwarsa ke kan jitar bes ta Verdine White, ka rage masa bes, me ya saura?

Shi ya sa kundin gaba ɗaya kusan minti 40 ne. Mu da muka yi sana'ar ɗaukar waƙa a kaset a farkon shekarun 1980 mun ji daɗin wannan tsayin, don yana shiga fuska ɗaya ta kaset mai minti 90 cif, har da ɗan rara. Ɗaya fuskar mai kaset ya zaɓa, yawanci Kool & the Gang ko Commodores. Ba na jin akwai faifan Turai da allurata ta bi kamar wannan.

Baban Ummi:
Allah ya ƙara lafiya Kawu. Na yarda da maganar wuri. To in wuri ne ya yi kaɗan, me Love Music take yi a ciki? Sabuwar waƙa ce, ba wanda ya taɓa jin ta kafin kundin ya fito, kuma bayan ya fito ba ta yi wani tashe ba. An ce mana mafiya kyau za a tara, sai aka ba baƙuwa kujerar masu gida.

Sadiq mai jita:
Yaya Baban Ummi, nan kam ciniki ne ba kiɗa ba. Ka yi tunanin mutumin da ya riga ya mallaki That's the Way of the World da Gratitude da Spirit da All 'N All. Me zai sa ya sake cire kuɗi ya sayi waƙoƙin da ke kan kantarsa? Sai an sa masa abin da ba shi da shi. Uku cikin goman nan ba sa cikin kowane kundi na ƙungiyar kafin lokacin: September, Love Music, da Got to Get You into My Life. Kusan sulusin faifan ke nan.

Ka kuma duba lokaci. Ƙarshen Nuwamba, daf da sayayyar Kirsimeti. Kuma a shekarar ce Maurice White, shugaban ƙungiyar, ya kafa nasa kamfanin faifai, ARC, wanda Columbia ke rarraba masa kaya, kuma da tambarin ARC kundin ya fito. Sabon kamfani yana son abin da ba ya kwantai. Shekara biyu kafin nan, kundin zaɓaɓɓun waƙoƙin ƙungiyar Eagles na 1976 ya zama na farko da aka ba shaidar platinum, wato ta sayar da kwafi miliyan ɗaya, a Amurka, duk kamfanoni sun ga irin kuɗin da ke cikin tsoffin waƙoƙi in aka sake musu riga.

Maganar Serpentine Fire kuwa, nawa hasashen shi ne All 'N All shekara ɗaya kacal ya yi a kasuwa, yana kan tafiya. In ka kwashe manyan waƙoƙinsa biyu ka zuba a sabon faifai, ka kashe masa kasuwa da hannunka. Sai a ɗauki ɗaya a bar ɗaya. Hasashe ne fa, kada a ce Sadiq ya ce yana wurin.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku da hira. Mu nan da yawa cikin sa'o'ina ba ta faifai muka san su ba, ta fim ɗin Faransa ne, Intouchables na 2011. Da September aka buɗe shi, suna gudu a mota cikin dare a Paris, sannan can gaba Omar Sy ya yi rawa da Boogie Wonderland a wurin bikin zagayowar ranar haihuwa. Daga nan na nemo wannan kundin, sai na tarar babu Boogie Wonderland a ciki. Ita ma cire ta aka yi?

Anti 'Yar Jos:
A'a ƙanena, ita ba a haife ta ba tukuna. Boogie Wonderland ta 1979 ce, cikin kundin I Am, tare da 'yan matan nan 'yan uwan juna, The Emotions. After the Love Has Gone ma a nan take. Let's Groove kuwa sai 1981. Dukkansu suna cikin Vol. 2, wanda sai 1988 ya fito, shekara goma bayan na farko. Kuma Baban Ummi, Serpentine Fire ɗinka da Mighty Mighty da Devotion duk suna can, ba a jefar da su ba.

Baban Ummi:
Anti, shekara goma fa! Kafin 1988 ai an gama yanke wa ƙungiyar hukunci. Kuma Vol. 2 bai kama ƙafar na farko a ciniki ba. Mutum goma sun san na farko kafin ka samu ɗaya da ya riƙe na biyu a hannu.

Abbati:
Ni dai wadda na fi so a waƙoƙinsu ita ce Celebration. Duk bikin yaye ɗalibai sai an sa ta.

Anti 'Yar Jos:
Kai Abbati! Ta Kool & the Gang ce, 1980. Su 'yan Jersey City ne, waɗannan kuwa a Shikago aka kafa su a 1969 kafin su koma Los Anjalas.

Baban Ummi:
Alhamdu lillahi, Abbati ya kawo min shaida har gida. Ga illar da nake faɗa. Da zarar an san ka da waƙar shagali kawai, sai a riƙa haɗa ka da duk wani mai waƙar shagali. Su ma Kool & the Gang ɗin haka aka yi musu. Wanda ya san Celebration da Joanna ba zai yarda su ne suka yi Jungle Boogie a 1973 ba.

Bari in faɗi abin da ke raina dalla-dalla, don kada a ɗauka ƙin September nake yi. Maurice White fa makaɗin jaz ne tun asali. A Memfis aka haife shi a 1941, ya koma Shikago ya zama mai ganga a sitidiyon kamfanin Chess, yana yi wa mawaƙa daban-daban kiɗa, sannan daga 1966 ya shiga ƙungiyar Ramsey Lewis mai mutum uku, ya yi kamar shekara uku tare da su. Bayan ya kafa tasa ƙungiyar, kundayensu biyu na farko a 1971 kamfanin Warner ne ya fitar, kuma a shekarar ne suka yi kiɗan fim ɗin Melvin Van Peebles, Sweet Sweetback's Baadasssss Song, fim ɗin da ya tayar da ƙura a Amurka. Wannan kiɗan ɗanye ne, mai zafi. Ko ɗaya babu a kundin 1978. Wannan na yi musu uzuri, don haƙƙin mallakar ba ya hannun Columbia. Amma kundaye uku na farko da suka yi wa Columbia fa? Last Days and Time na 1972, Head to the Sky na 1973, Open Our Eyes na 1974. Suna hannunsu, ba wanda zai hana su, amma ko waƙa ɗaya ba a ɗauko ba. Kundin ya nuna kamar a 1975 ƙungiyar ta faɗo daga sama.

Abin da ya fi ci min rai shi ne kalimba. Ɗan akwatin katakon nan mai harsunan ƙarfe da ake kaɗawa da manyan yatsu, ɗan uwan mbira ta Shonawan Zimbabuwe. Shi ne tambarin Maurice, har kamfaninsa na shirya waƙoƙi ya sa wa suna Kalimba. Ku je ku ji Evil a Head to the Sky, ku ji yadda ya buɗe ta da shi. Baƙin Ba'amurke ne yana neman hanyar komawa Afirka ta cikin sauti. Sai aka zo tara mafiya kyau, aka bar waƙoƙin da kalimba ke jan ragama a waje.

Sannan 'yan gajerun kiɗan da suke saƙawa tsakanin waƙa da waƙa. All 'N All ya biyo bayan tafiyar da Maurice ya yi zuwa Barazil, shi ya sa kake jin Brazilian Rhyme a ciki, ɗan guntun abu ne amma shi ke ɗaure kundin. Kundin zaɓaɓɓu kamar a kawo maka tsoka zalla ne, an zubar da ƙashi da romo. Za ka ƙoshi, amma ba ka ci farfesu ba.

Kawu Mai Garmaho:
To ɗana, ka gama? Duk tarihin da ka kawo haka yake. Amma ina so ka sake sa faifan, ka saurara da kunnen wanda bai san komai ba. Ka ce an kauce wa kiɗa mai nauyi. Getaway fa? Ka ji yadda masu busa ke shigowa a guje, kamar ba za su numfasa ba. Ba ƙaramin makaɗi ke iya bin wannan ba. Shining Star fa, wadda ita kaɗai ce waƙarsu da ta taɓa zama ta ɗaya a babban jadawalin Amurka, a 1975, ta kuma ci musu Grammy? Ka ji yadda jita biyu ke cizon juna a farkonta kafin bes ya faɗo. In wannan ba funk ba ne, to ban san funk ba.

Kuma ka lura da jeri. Ba bisa shekaru aka jera su ba. An buɗe da busa mai ƙarfi, aka hau sama da Fantasy, aka sauko da Can't Hide Love, aka rufe fuskar farko da gudu. Ka juya faifai, sai a fara maka da sanyi, That's the Way of the World, kafin a sako September. Wanda ya jera wannan ya san mutum zai tashi ya juya faifai, ya san kuma yanayin da zai dawo ya zauna da shi. Ku da kuke sa waya ta yi ta zaɓo muku barkatai ba za ku ji wannan ba.

Sadiq mai jita:
Kawu kun taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Amma ku bar ni in ɗan tsaya wa Yaya. In aka ce funk a ma'anar James Brown, inda kowa a ƙungiya ke dira a kan bugun farko na kowane zagaye, jita da busa duk su koma kamar ganga, waƙa ta zauna a kan amo ɗaya minti bakwai ba ta gusa ba, to Earth, Wind & Fire ba nan suka fi zama ba ko a kundayensu na asali. Su mutanen sauye-sauyen amo ne da jera muryoyi hawa-hawa. Tun a lokacin ma an yi musu gorin haka. George Clinton da Funkadelic sun zolaye su a waƙar Let's Take It to the Stage ta 1975, suka juya sunansu, mai ma'anar ƙasa da iska da wuta, da nufin cewa iska ce kawai babu wuta. Ke nan santsin da Yaya ke kuka da shi ba kundin 1978 ne ya ƙirƙiro shi ba. Yana jikinsu. Kundin dai ya ƙara fito da shi.

Baban Ummi:
Wannan tsaya min ka yi ko kayar da ni, Sadiq?

Sadiq mai jita:
Rabi da rabi, Yaya.

Ɗan Zongo Kumasi:
Gaisuwa ga manya. Ni abin da ya ja ni gare su busa ne. Mu a Gana kunnenmu ya saba da ƙaho tun daga highlife, ga kuma Osibisa da su Teddy Osei da Mac Tontoh suka kafa a Landan a 1969, shekara ɗaya da waɗannan. Da na ji masu busan Earth, Wind & Fire sai na ji kamar 'yan gida ne. Wa ya san sunayensu?

Anti 'Yar Jos:
Phenix Horns ake ce musu. Don Myrick a saksafon, Louis Satterfield a trombon, sai Rahmlee Michael Davis da Michael Harris a kakaki. Satterfield tun zamanin Chess suke tare da Maurice. Su ne Phil Collins ya ɗauka suka yi masa busa a kundinsa Face Value na 1981, shi ya sa in ka ji wasu waƙoƙinsa na lokacin sai ka ji ƙamshin Earth, Wind & Fire. Daga baya ma ya yi Easy Lover da Philip Bailey, mawaƙin ƙungiyar, a 1984.

Tunda an zo kan busa, ni tawa ƙorafin daban ce da ta Baban Ummi. Reasons da aka sa a kundin ta sitidiyo ce. Amma Reasons ta gaskiya tana cikin Gratitude na 1975, wadda aka ɗauka a gaban jama'a, inda Philip Bailey ke hawa da siririyar muryar nan tasa, Don Myrick na ba shi amsa da saksafon, suna ja-in-ja har mutane na ihu. Ta fi minti 8. Na san Kawu zai ce wuri, to na ji, amma da ni ce da na sadaukar da Love Music da Sing a Song na sa ta.

Maman Khalifa:
Reasons ai ita aka sa mana lokacin yanka kek a bikin ƙanwata. Kowa ya ce ta dace.

Anti 'Yar Jos:
Maman Khalifa, kada ki gaya wa ƙanwar taki, amma waƙar ba ta aure ba ce. Labarin haɗuwar dare ɗaya ce, gari ya waye kowa ya ga babu abin da ya haɗa su. Philip Bailey da kansa ya sha faɗin mamakinsa yadda ake sa ta a bukukuwan aure. Turawan ma da harshensu ne haka suke yi, daɗin muryar ke ɗauke musu hankali.

Maman Khalifa:
Innalillahi! Shekara nawa ana lafiya, yau kin zo kin ɓata min waƙa.

Malam Na Ƙofar Gabas:
Ni tambaya gare ni, ba gardama ba. Na ga hotunan bangon faifansu cike da dalar Masar da gumakan Fir'auna da alamomin taurari. Mutanen nan wane addini suke bi? Kada mutum ya yi ta bin amshi bai san me yake faɗa ba.

Baban Ummi:
Malam tambayarku a kan hanya take. Maurice White ya yi zurfi a ilimin taurari da al'adun tsohuwar Masar da zuzzurfan tunani irin na mutanen gabas, har sunan ƙungiyar daga taswirar taurarin haihuwarsa ya ciro shi. Bangon All 'N All wani mai zane ɗan Japan, Shusei Nagaoka, ya yi shi, da siffar haikalin Abu Simbel. Philip Bailey kuwa Kirista ne, ya yi kundayen waƙoƙin coci nasa na kansa a shekarun 1980. Waƙoƙin da ke wannan kundin yawancinsu soyayya ce da ƙarfafa gwiwa. Kowa dai ya san inda zai tsaya.

Shugaban zaure:
Jama'a a tsaya kan kiɗa don Allah. Wancan zancen in aka buɗe shi ba za mu kwana lafiya ba.

Sadiq mai jita:
To mu koma kan waƙar da ba wanda ya taɓa, wadda aka buɗe kundin da ita. Got to Get You into My Life ta Beatles ce, Paul McCartney ya rera ta a kundin Revolver na 1966. Earth, Wind & Fire sun sake ta ne don fim ɗin Sgt. Pepper's Lonely Hearts Club Band na 1978, wanda Bee Gees da Peter Frampton suka fito a ciki. Fim ɗin ya sha ƙasa, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca, amma tasu waƙar ta tsira: ta ɗaya a jadawalin baƙaƙen fata, ta 9 a babban jadawali, Maurice kuma ya ci Grammy saboda tsarin kiɗanta. Karo na biyu ke nan da hakan ta faru da su, don That's the Way of the World ma kiɗan fim ne, na 1975 da Harvey Keitel ya fito, fim ya mutu kundi ya kai na ɗaya.

Abin da nake so Yaya ya duba: wannan waƙar jaz ce tsagwaronta. Ka ji lilon da ke cikin bugun, ka ji yadda muryoyi ke bin busa baki da baki. Ƙungiyar da ke son ɓoye asalinta na jaz ba za ta sa wannan a layin farko ba.

Baban Ummi:
Ko kuma ƙungiyar da ke son Bature mai sayen faifai ya ga sunan waƙar Beatles a layin farko ya saki jiki. Duka biyun suna iya zama gaskiya.

Kun san abin da wannan ke tuna min? Legend na Bob Marley, 1984, shekara uku bayan rasuwarsa. Duk gidan da ake jin reggae a ƙasar nan akwai shi. Amma babu waƙa ko ɗaya daga Survival na 1979, kundin da ya fi kowanne maganar Afirka da 'yanci, wanda Zimbabwe da Africa Unite ke ciki. Aka fito da Marley mai murmushi da soyayya, duniya ta saya. Kundin zaɓaɓɓu ba tara waƙoƙi kawai yake yi ba, yana zaɓa wa mutane wanda za su tuna.

Kawu Mai Garmaho:
A nan ne zan kama ka, ɗana. Marley yana kabari aka yi Legend, ba a tambaye shi ba. Maurice White kuwa yana raye, yana kan ganiyarsa, a kamfaninsa faifan ya fito, shi ya shirya sababbin waƙoƙin da ke ciki. Sai 2016 ya rasu. Mutumin da ya sallami kusan dukkan 'yan ƙungiyar farko ya sake tara sababbi a 1972, wanda ya ɗauko mai siddabaru Doug Henning ya tsara musu wasan dandamali har Verdine na tashi sama da jitarsa, ba irin wanda za a yi wa zaɓe yana kallo ba ne. In an nuna su da fuskar fara'a, shi ya so a gan su haka. Kana iya cewa ba ka son zaɓinsa. Amma cuta, sai ka nemo wanda ya cuci wani.

Baban Ummi:
Kawu, mutum yana iya cutar kansa ai.

Anti 'Yar Jos:
Da irin wannan cutar Allah ya cuce mu. September fa ta kai ta 8 a Amurka, ta 3 a Birtaniya, kuma a 2018 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa ta cikin rajistar sautukan da ake adanawa don tarihi. Mutum uku suka rubuta ta: Maurice, da Al McKay mai jita wanda ya kawo zubin kiɗan, da Allee Willis, wadda daga baya ta sa hannu a waƙar buɗe shirin Friends. Duk ranar 21 ga Satumba, wadda aka ambata a cikin waƙar, sai intanet ta cika da ita. Waƙa nawa ce a duniya ke da ranarta?

Amma Baban Ummi, akwai suna ɗaya da ban ji ka ambata ba, kuma da shi ya kamata ka kafa hujja. Charles Stepney. Shi ma ɗan Chess ne, shi ya tsara wa Rotary Connection da Minnie Riperton kiɗa. Da shi aka rubuta Reasons da That's the Way of the World, da shi aka shirya kundayen 1975. Ya rasu da ciwon zuciya a watan Mayu na 1976 yana da shekara 45, ana tsakiyar aikin Spirit. In ka saurari kundin 1978 da kyau, ƙungiya biyu kake ji. Ta zamanin Stepney, mai ɗumi, mai barin fili a cikin kiɗa. Da ta bayansa, mai ƙyalli da kaifi, Fantasy da September da waƙar Beatles. An cakuɗa su a jeri shi ya sa ba a lura. Ni wannan ne abin da kundin ya ɓoye, ba Serpentine Fire ba.

Sadiq mai jita:
Anti wallahi ban taɓa jin sa ta wannan fuskar ba. Yanzu na jera su bisa shekaru a waya, Shining Star, That's the Way of the World, Reasons, Sing a Song, Can't Hide Love, Getaway, sannan sauran huɗun. Daga Getaway zuwa Fantasy kamar an canza ɗaki.

Ɗan Maraɗi:
To ni da nake sabon shiga, me zan nema bayan wannan? Na ga akwai wani Greatest Hits na 1998, akwai kuma The Essential na 2002 mai faifai biyu.

Baban Ummi:
Kada ka ƙara sayen wani tari, ƙanena. In dole sai tari, nemi The Eternal Dance na 1992, faifan CD uku ne, shi ya faro tun daga zamanin Warner. Amma ni shawarata Open Our Eyes, daga farko har ƙarshe, ba tsallake.

Kawu Mai Garmaho:
Gratitude zai fara nema. Kusan fuska uku cikin huɗu a gaban jama'a aka ɗauka, a nan zai ji ko sun iya kiɗa ko sitidiyo ke rufa musu asiri. In ya gama sai ya je wa Open Our Eyes ɗinka. Kuma yaro, ka samu lasifika mai kyau ko abin sawa a kunne, bakin waya ba ya fitar da Verdine.

Ɗan Maraɗi:
To Kawu, na gode. Gratitude ɗin zan fara.

Baban Ummi:
Ka ga ni, ni na buɗe zance, Kawu ya tafi da almajirin.